Jan Fenti a Bangon Butik

Yayana Alhaji Sani, mai sayar da atamfa, ya aike ni cikin unguwar Zango in duba masa butik, wato shagon da yake so ya kama haya. Tambaya ɗaya ya ba ni: "Babban teburina zai shiga ko ba zai shiga ba?"

Ni mutum ne mai tsoron kuskure. Na auna ƙofa sau uku. Na dawo gida, hankalina bai kwanta ba, na koma na sake aunawa. A bangon waje akwai ƙatuwar alama ta jan fenti. Kowa a unguwar ya san ma'anarta, har da ni. Na tambayi kaina ko fenti yana rage faɗin ƙofa. Ba ya ragewa. Na wuce.

"Yaya, zai shiga, har da rarar yatsu huɗu," na ce, ina jin kaina kamar injiniya.

Tebur ya shiga. Bayan kwana tara katafila ma ta shiga.

Muna kwashe atamfa a guje, Yaya ya ce, "Kai, ba ka ga alamar rusau ba?"

"Na gani."

"Ka gani!"

"Ai ba ita ka tambaye ni ba, Yaya."

Har yau, ko tumatir aka aike ni in sayo, sai matar Yaya ta biyo ni ƙofa: "Malam, in ka tarar kasuwar na ci da wuta, don Allah ka gaya mana. Na tambaya tun yanzu."