Rasuwar Giwa, Kwamfutar Kallon Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da falo mai cike da tabarmin da babu kowa a kansu, ni Hammadu Dikko Gulma, mazaunin Gwadangaji a Birnin Kebbi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maƙwabtan da ba su san ƙofar gidana ba sai da ta zo, rasuwar kwamfutar kallon gidanmu, laftof ɗin nan da aka fi sani da Giwa. Ta rasu ranar Litinin a cikin gangar dafa shinkafa, bayan gajeriyar jinya da doguwar shawara.

Ba mu san shekarunta ba. 'Yar gwanjo ce, ta yi rayuwarta ta fari a wata ƙasa mai sanyi, kuma har ta rasu ba ta yafe mana zafin Kebbi ba. Wanda ya sayar mini da ita ya rantse wata tsohuwar Baturiya ce ta riƙe ta, ba ta kunna ta sai ranar Lahadi. Na yarda. Duk kayan shagonsa na wannan tsohuwar ne, Allah Ya ba ta arzikin kwamfutoci.

Ya kamata a san yadda aka zaɓo marigayiya, domin tun jiya masu ta'aziyya ke cewa tun daga nan aka kuskure. Da na ce ina son kwamfutar da iyali za su riƙa kallo a gida, sai gari ya cika da malamai. Wani ya ce in duba faɗin fuska. Wani ya ce in duba ƙarfin murya. Wani ya ce batir ne gaba da komai, tunda wutar unguwarmu baƙuwa ce, ba ta kwana. Zulkifli, ƙanin matata Zuhura, wanda ya taɓa share wata ɗaya a makarantar koyon kwamfuta kuma har yau ba mu huta ba, ya ce in tabbata tana da ramin da za a jona ta da talabijin. Na saurari kowa. Amma ni ɗan masunci ne, a bakin ruwan Argungu na buɗe ido, kuma a wajen bikin kamun kifi ban taɓa ganin an tambayi kifi iliminsa ba. Sikeli ake ɗora shi, wanda ya fi nauyi shi ke cin kyauta. Don haka na aro sikelin mai sayar da ƙusa na shagon kusa, na auna duk kwamfutocin da ke wurin, wadda ta rinjaya na ɗauko. Daga giwan ruwa ta samo sunanta. Har gobe ban ga laifin wannan hanya ba, kuma wanda ya gani ya riƙe abinsa har a yi sadakar uku.

Marigayiya mai kamun kai ce. In an kunna ta ba ta gaggawa, mutum zai yi alwala ya yi salla ya dawo ya tarar tana gyara zama, sannan ta yi sallamarta, tin-din-din-diin, wadda yaran unguwa ke ji tun daga bakin titi. Tana da kunya: wanda duk ya kalle ta daga gefe sai ta duhunta fuska, 'yan wasa su koma kamar an shafa musu toka, dole sai an matsu a gabanta kafaɗa da kafaɗa. Tana da riƙon amana, domin faifan bidiyon da ta haɗiye ba ya fitowa sai an lallashe ta da tsinken tsintsiya. Baƙi kuwa, ba ta taɓa korar ko ɗaya ba. Riskuwa, maƙwabcina, da ya shigo sau ɗaya aron ashana, sai da ya zama yana da wurin zamansa da kofinsa a gidana.

Amma ba don Riskuwa na saye ta ba, kuma a nan zan ajiye wasa kaɗan.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta zauna ita kaɗai a Gulma, ga ciwon ƙafa, ga ɗaki mai yoyo, ga taurin kai irin na gidanmu. Da kyar na ɗauko ta zuwa Birnin Kebbi. Ba ta taɓa kwance ƙunshin kayanta duka ba. Duk mako sai ta ɗaure shi ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce birni ba wurin zaman mutum ba ne, ba a jin ƙamshin ruwa. Ina cikin wannan fargaba wani mai ɗaukar bidiyo ya ba ni faifan bikin kamun kifi na ƙarshe da Baba ya shiga. A cikin dubban masuntan da suka ruga cikin ruwa, akwai inda Baba ya bayyana da gorarsa a kafaɗa da homarsa ta kamun kifi a hannu, da tsohuwar hular nan shuɗiya da Inna ta sha cewa za ta ƙona. Ya juyo ya dubi mai ɗauka, kamar zai yi magana, sai mutane suka rufe shi. Ba shi da wani hoto a duniya sai wannan.

Ranar da Inna ta fara gani, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Tsaida shi nan, Hammadu. Dubi yadda yar rame. In anka zo shirin kamun kifi, mutumen ga ba shi cin abinci." Daga ranar ƙunshi ya koma ƙarƙashin gado. Kullum bayan isha'i, kafin a sa wa 'yan unguwa nasu fim ɗin, sai an fara da Baba. Ni da ita a gaba, kafaɗata jikin tata saboda kunyar nan ta Giwa, ta ba shi labarin farashin albasa da wanda ya haihu da wanda ya mutu. Tun ina yaro rabon da in zauna kusa da Inna haka. Zulkifli ya juye bidiyon a cikin cikin Giwa, ya ce yanzu ya zauna har abada. Da jin haka Riskuwa ya ari faifan, ya rataye shi a gonar shinkafarsa don ƙyallinsa ya kori tsuntsaye. An ce ya yi aiki sosai.

Ciwon ajali ya faro ne da zazzabi. In aka yi nisa da kallo sai jikinta ya yi zafi, ta riƙa nishi, fuuu, fuuu, kamar zugazugin maƙeri, sai ta suma daidai inda fim ya yi daɗi. Mun yi mata firfita da faifan rufe ƙwarya, mun ɗora ta a kan bulo. A ƙarshe na yi tunanin da kowane mai hankali zai yi: me ya fi sanyi a gidan Bahaushe? Randa. Na gitta sanduna biyu a bakin babbar randar Inna, na ɗora Giwa a kai, sanyin ruwa na tasowa yana ratsa ta. Ta samu sauƙi ƙwarai, har wasu suka zo ganin dabara. Da a ce kowa ya zauna inda aka ajiye shi, da yau ba a rubuta wannan sanarwa ba.

Ran Juma'a, ana tsakiyar wani fim, mugu ya laɓaɓo bayan jarumi da wuƙa. Riskuwa, wanda Allah Ya yi wa son taimako, ya miƙe don ya gargaɗi jarumin. Ƙafarsa ta harɗe wayar lasifika. Abu na ƙarshe da muka ji daga bakin marigayiya shi ne cuɓul, sai ƙananan kumfa. Jarumin dai ba mu san yadda ya ƙare ba.

Inna ta riga ta shiga ɗaki, ba ta gani ba. Muka tsamo Giwa tana tsiyaya. Zulkifli ya gyara tsayuwa ya ce, "Yaya, kak ka damu. Shinkafa ta ka jan ruwa. A turbuɗe ta cikin buhu kwana ukku, tana tashi garas." Shinkafa kuwa ba mu rasa ba, ga buhunan shanshera, mai ɓawonta, daga gonar Gulma jere a ɗakin ajiya, ko casa ba a kai ba. Muka buɗe ɗaya, muka tura ta can tsakiya, muka ɗinke baki. Na ce kada wanda ya faɗa wa Inna, don na san inda ƙunshin nan yake. Muka ce mata Giwa ta je ganin likita.

Wanda ya san Inna ya san zama ba aikinta ba ne. Kwana biyu babu Baba, babu hira, hannunta ya fara ƙaiƙayi. Ranar Lahadi ina Argungu, Zuhura ta tafi suna Augie, Inna ta leƙa ɗakin ajiya ta ga shinkafa zaune ba a guma ta ba, wato dafawar da ake mata da ɓawonta kafin casa, abin da ba ta taɓa bari ya faru a gidanta ba tun tana amarya. Ta kira matan maƙwabta suka kama mata buhu, suka juye a ganga, aka cika ruwa, aka hura wuta, aka bar ta ta kwana. Buhuna na nan da yawa. Ba sai na faɗi wanda hannunta ya faɗa a kai ba.

Da safe, tana kwashe shinkafa za ta shanya, ƙwaryarta ta bugi wani abu. Ita ta tsamo ta. Na dawo na tarar ta wanke ta tas, ta naɗe ta a farin mayafinta, ta ajiye a kan tabarma. Ta dube ni ta ce, "Likitan naku cikin buhu shi ka zama?" Can ta shafa mayafin ta ce, "Ashe Malam ya koma ruwa. Dama can bai iya daɗewa tudu." Ban san na yi kuka ba sai da na ji gishiri a bakina. Mai gyara ya buɗe cikinta daga baya, ya ce a rayuwarsa bai taɓa ganin kwamfutar da ta nuna haka ba.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin roba a wuya, da lasifika mai shaƙaƙƙiyar murya, da jaka, da wayar nan ta jona talabijin wadda Zulkifli ya sa na saya, da har yau ba ta samu ramin da ya dace da ita ba. Batirinta ya riga ta tafiya da daɗewa. Ta kuma bar marayu da dama masu gemu, waɗanda tun ranar Asabar aka ga sun fara gaida mai sabon talabijin na layin baya.

Za a yi zaman makoki a ƙofar gidana daga yau har Laraba. Za a raba sadakar shinkafa dafa-duka, kuma tun kafin a tambaya, ita ce dai. Inna ta ce gumin ya yi kyau, ba za a zubar ba. Ana roƙon masu zuwa su zo da addu'a, su bar shawara a gida, mun samu wadda ta ishe mu. An keɓe wa Riskuwa wuri can nesa da duk wata waya. In akwai wanda ya ɗauki bidiyon bikin kamun kifi na waccan shekarar, ko yake da faifan da tsuntsaye ba su gani ba, ya duba wani tsoho siriri mai shuɗiyar hula da gora a kafaɗa. Mai ɗaukar da ya ba ni ya ce tuni ya goge nasa ya ɗora bikin aure a kai. In an samu, don Allah a kawo kafin Alhamis.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba za a ɗauki gawa zuwa Gulma. Ba za a binne ta ba. Ƙunshin Inna ya fito daga ƙarƙashin gado, yana bakin ƙofa, wannan karon ɗaurin ya yi ƙarfi. Na roƙe ta, Zuhura ta roƙe ta, jikoki sun riƙe mata zane. Ta ce Giwa a ɗakinta za ta zauna, domin Malam na ciki, kuma ba a barin miji gidan ɗa. Ita za ta riƙe ta a cinya a kujerar gaba.

Ba a buƙatar 'yan rakiya. Ni zan tuƙa su, in dawo ni kaɗai.