Haladu Direba da Gasar Zaƙin Murya

Wani mutum ne a Kwanar Maje, ana ce masa Haladu Direba. In dai cika baki ne, Haladu ya cinye tuwon, saura sai dai su suɗe kwano. Albasa yake ɗauka a tsohuwar motarsa ya kai birni ranar Laraba, ya dawo Asabar, amma in ka ji yana ba da labarin tafiyar sai ka rantse jirgin sama yake tuƙawa. Ba babban mutumin da bai taɓa ba shi hannu ba. Ba mawaƙin da bai taɓa gyara wa baiti ba.

Ana nan sai aka fara wata gasar waƙa a talabijin, wai ita Zaƙin Murya. Samari da 'yan mata su fito su rera, alƙalai su yi sharhi, 'yan kallo su tura saƙon waya su zaɓi gwaninsu, duk mako a sallami mutum ɗaya. Garin kaf, akwatin da ke kama tashar jiha tar shi ne na rumfar Tasalla mai abinci, wanda aka ɗaure wa eriya a kan doguwar gora. Duk Lahadi bayan la'asar rumfar cika take maƙil, har kan buhunan gawayi. Ba don komai ba sai don Muntari, ɗan Tasalla na fari, yana cikin masu gasar. Tun da aka kwashe su zuwa wani masauki a birni aka karɓe wayoyinsu, ba wanda ya ƙara jin muryarsa sai a akwatin.

Tasalla kuwa, kun san uwa da ɗan fari. Ko sunansa ba ta faɗa, sai dai "yaron nan". In ya fito a talabijin sai ta juya baya ta kama juya miya, wai ita ba ruwanta. Amma duk mai ido ya san miyar nan ta daɗe da nuna.

Bazawara ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, ga tsafta ga iya girki. Haladu ya yi zarya a rumfar nan har takalminsa ya siɗe. Kullum amsar ɗaya ce: "Bari dai mu gani, Malam Haladu."

To, ga abin da mutanen Kwanar Maje ba su sani ba. Gasar nan ranar Alhamis ake yin ta, a wata tashar tauraron ɗan'adam. Abin da tashar jiha ke saka musu ranar Lahadi maimaici ne, ko ɗan rubutun nan na "kai tsaye" da ke kusurwa ba a damu a goge ba. Shi kuwa gogan naka duk Alhamis yana tashar mota a birni, zaune gaban wani mai shayi da ya kafa farantin tauraron. Ya kalla tsaf, ya haddace wanda aka kora, sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da uwarsa ta haife shi: ya kama bakinsa har Lahadi.

Ranar Lahadi sai ya shigo rumfa yana taku ɗai-ɗai, ya zauna a gaba, ya lumshe ido, ya karkata kunne.

Wata yarinya ta fito ta ja baiti, rumfa ta ɗauki tafi raf-raf-raf. Haladu ya girgiza kai.

"Ku daina wahalar da hannuwanku. Numfashinta gajere ne. Yau za ta kwana a ɗakin uwarta."

Aka zo ƙarshe, ita aka sallama.

Mako na gaba wani saurayi ya fito yana ta tsalle-tsalle da baƙin gilashi. Haladu ya ce, "Wannan da ƙafa yake waƙa, ba da maƙogwaro ba. Ku yi masa ban kwana." Shi ma ya tafi.

Gwadabe mai faci, wanda suka taso tare kuma ya san Haladu ciki da bai, ya kasa haƙuri.

"Kai Haladu, yaushe ka koma duba?"

"Kunne ne, Gwadabe, kunne! Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sauraron inji, ko fulogi ɗaya ya yi tari yana ji, maƙogwaron ɗan'adam ne zai gagare shi?"

Gwadabe ya ce, "Uhm."

Da Haladu ya tsaya a nan, da ya ci bulus. Amma ina! Mai cika baki ba ya ƙoshi. Wata Lahadi aka jera Muntari cikin masu ƙarancin ƙuri'a. Ludayi ya tsaya cak a hannun Tasalla. Haladu, da ya riga ya san yaron ya tsallake, sai ya miƙe ya zaro 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila, ya kara a kunne.

"Alo? Babban alƙali? Haladu ne. E, ni ɗin dai. Yaron nan mai lamba bakwai namu ne, a duba mana." Ya juyo ga jama'a ya daka tsawa. "Ku kuma me kuke jira? Lamba bakwai! Ku danna!"

Rumfa ta kaure da ƙit-ƙit-ƙit. Tsofaffi na neman tabarau, mata na ƙwace wayoyin mazajensu, kowa na tura ƙuri'a a zaɓen da aka rufe tun ranar Alhamis. Mai gabatarwa ya ce Muntari ya wuce. Wayyo, zo ka ga murna! Har da masu ɗaga Haladu sama.

Ranar nan tsokar da ta faɗo a kwanon Haladu ta fi ƙarfin cokali. Da jama'a suka watse, Tasalla ta ce, tana kallon tukunya, "Malam Haladu, in yaron nan ya kai zagayen ƙarshe, ka turo manyanka."

Haladu ya koma gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Sai ga makon da ya rage mutum huɗu, za a kori ɗaya, uku su shiga zagayen ƙarshe. Ranar Alhamis Haladu ya isa teburin mai shayi tun kafin magariba, ya tarar da taro kamar ana rabon zakka. Ashe ranar ake buga wata babbar ƙwallon Turai.

"Mai shayi, a mayar mana da waƙa mana."

Majiya ƙarfi wajen talatin suka juyo suka dube shi a tare. Haladu ya ce, "Wasa nake yi." Ya zaga tashar nan kaf, ko'ina ƙwallo. Ranar ko shayin bai iya sha ba.

Da safe ya bi mutane yana tambaya a fakaice, har ya dace da wani ɗan kamasho da ya ce ya ga ƙarshen shirin a gidan surukansa.

"Wa aka kora?"

"Oho, ni ina na san sunansu? Wani ne dai mai jar hula."

Haladu ya yi wata ajiyar zuciya har da hamdala. Mai jar hula ai ɗaya ne a gasar, wani Bala da ba ya rabuwa da jar dara ko barci zai yi. Muntari kuwa tun da aka fara bai taɓa sa hula ba, sumarsa yake tajewa ta yi tsaye. Abin nema ya samu! Nan take ya shiga kasuwa ya sayi ƙwaryar goro da turare mai kan ɗan goma.

Ranar Lahadi ya shigo rumfa da babbar riga ta sha sitaci, tana ƙarau-ƙarau, ƙamshi na gaba yana biye. Tun ba a kunna akwati ba ya buɗe taro.

"Jama'a, yau ko ba ku danna ba an gama. Na yi magana da manya. In Muntari bai wuce ba, ku ƙwace makullin motata ku ba ni tiren ƙosai!"

Gwadabe ya ce, "Mun shaida."

Aka fara. Mai gabatarwa ya fito yana washe baki, ya ce wannan mako na kayan gargajiya ne. Bala ya fito da jar dararsa, ya yi tasa. Haladu ya taɓe baki, ya ce, "Allah sarki, a gaida gida." 'Yan mata biyu suka yi nasu. Sai aka kira Muntari.

Ya fito da riga 'yar shara. A kansa kuwa, jar dara, sabuwa fil.

Haladu ya ƙura wa akwatin ido.

Ya murza ido ya sake dubawa. Ja ce. Ya ce a ɗan juya eriya, kalar akwatin ta lalace. Aka juya gora. Hular ta ƙara ja.

Muntari ya kama waƙa, tana tafiya sumul, har ya zo inda zai ja murya sama. Sai ta ce ƙiiit, kamar an taka birki a kan kwalta. Wata mace cikin alƙalan ta dafe kai.

Gwadabe ya leƙo. "Mai kunne, me inji ya ce?"

"Salo ne," in ji Haladu, yana share goshi da hannun riga. "Sabon salo ne. Ku ina kuka san waƙa?"

Aka zo sakamako. Mai gabatarwa ya ware mutum biyu masu ƙarancin ƙuri'a, ya tsayar da su a tsakiya: Bala da Muntari, jar hula biyu reras. Ya ce za a ji wanda zai tafi bayan talla. Aka shiga tallar sabulu.

A nan ne Haladu ya fara tunanin ko ya ce zai je kama ruwa, daga can ya zarce. Har ya ɗaga ɗuwawu. Sai Tasalla ta ajiye ludayi, ta juyo. Tun da aka fara gasar nan ba ta taɓa juyowa ba sai ranar. Idonta ya kawo ruwa.

"Malam Haladu, ka yi wani abu."

To, ina mafita? Gaba kura, baya siyaki. Ya ce a ransa, hula biyu ce, ko Bala ko Muntari, Allah na tare da mai neman aure. Ya miƙe, ya gyara riga, ya fuskanci jama'a, bayansa na kallon titi, ya kara waya.

"Alo! Babban alƙali! Wane irin wasa ne wannan? Ban ce muku yaron nan ɗana ne ba? Yauwa. To, na ji. A'a, ba komai, ai mun zama ɗaya." Ya rufe bakin wayar da hannu, ya ce wa Tasalla, "An gyara." Da ya ga yadda fuskarta ta saki, sai shaiɗan ya ƙara masa mai. "Alƙali, yana kusa? Miƙa masa wayar. Alo, Muntari! Kai ne? Kwantar da hankalinka, ɗana. Sha ruwa. Ga mahaifiyarka nan tana sa maka albarka."

A daidai nan wani ɗan acaɓa ya tsaya a bakin rumfa. Wani dogon saurayi ya sauko da jaka a kafaɗa, duk ya yi zuru-zuru.

Haladu ya ga idanun jama'a sun firfito, bakuna sun buɗe. Ya ɗauka kwarjininsa ne ya kama su, sai ya ƙara ɗaga murya.

"Kar ka damu da ɗan kucewar nan, ni na san abin da na shuka!"

Daga bayansa aka ce, "Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam," in ji Haladu, ko waiwaye bai yi ba. "Don Allah a yi mana shiru, ina magana da Muntari."

"Baba Haladu, ai ga ni."

Wuyan Haladu ya juya a hankali, kamar sitiyarin da ya yi tsatsa. Muntari ne, da jininsa da tsokarsa, ƙurar hanya har gira. Daidai lokacin aka dawo daga talla, mai gabatarwa ya dafa kafaɗar Muntarin cikin akwati ya ce, "Sai haƙuri, tafiyarka ta ƙare a nan."

Gwadabe ya tafa hannu. "La ilaha illallahu! Ɗaya a akwati, ɗaya a waya, ɗaya a ƙofa! Tasalla, ashe 'yan uku kika haifa ba mu sani ba?"

Muntari ya sunkuyar da kai. "Ai tun Alhamis aka sallame ni. Kunya ce ta hana ni dawowa, na laɓe wurin wani abokina. Wannan da kuke kallo maimaici ne, kullum haka suke yi."

"Tun Alhamis?" in ji wani dattijo, yana duban wayarsa da ɗan yatsa a kan lamba bakwai. "To mu wa muke ta zaɓa?"

"Wace rana ce ma Haladu ke kwana a birni?" in ji Gwadabe.

Rumfa ta amsa baki ɗaya: "Alhamis!"

Dariya ta ɓarke, wani har da faɗowa daga kan buhun gawayi. Haladu na tsaye ƙiƙam, sitaci ya jiƙe sharkaf, wayar na nan manne a kunne, ya rasa yadda ake sauke ta. Ya buɗe baki ya ce, "Wato... ai shi sabis ɗin birni..."

Tasalla ba ta yi dariya ba. Ta dubi ɗanta sau ɗaya, ta kau da kai, ta ce, "Ka dawo? Je ka wanke hannu." Ta zuba masa tuwo, ta tsamo tsoka ta ɗora. Sannan ta juyo ga Haladu a natse, cikin ladabi kamar kullum.

"Malam Haladu, kar ka katse, ci gaba da maganarku. Ka ce wa wancan na cikin wayar ya dage, Allah ya ba shi sa'a. In ya kai zagayen ƙarshe, sai ka tura manyanka wurin tasa uwar."