Yadda Za Ka Wanke Birgediya Kafin Madam Ta Dawo Daga Aiki

Matso kusa, kai mai kare, labarinka ya iso mini. Da safen nan matarka ta sa fararen kayanta na nas, ta tsaya bakin ƙofa ta toshe hanci ta ce, "Maigida, ƙarfe huɗu zan dawo. In na tarar da karen nan yana wannan ɗoyin, gobe ya bar gidan nan." Wata bakwai ke nan da ka kawo shi, ka laƙaba masa suna Birgediya, kullum kana ɗaukar hoto da shi kana tura wa abokai, amma ruwa bai taɓa bayansa ba in ba na sama ba. Na san kana son karen nan har cikin ranka, duk da ba ka iya komai a kansa ba. To, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan dalla-dalla, na yi maka alkawari kafin rana ta faɗi Birgediya zai fita fes, kuma ba inda za shi.

1. Kada ka tambayi kowa

Akwai masu wanke karnuka a gari, akwai likitan dabbobi. Rabu da su. Kai da ka taɓa wanke mota sau biyu, kare zai gagare ka? Kada ma ka taje masa gashi kafin ka jiƙa shi, wannan aikin matsorata ne. Namijin duniya cire riga kawai yake yi ya shiga.

2. Tara kayan aiki

Ba ka da sabulun kare, don ba ka taɓa sanin ana yin sa ba. Buɗe durowar Madam ka ɗauko sabulun wanke gashin nan da take ɗiga wa tafin hannunta kamar maganin ido. Haɗa da babban tawul ɗinta, mai laushin. Naka ƙarami ne, kuma ai naka ne.

3. Yaudare shi zuwa banɗaki

Kira shi da muryar nan ta munafunci: "Birgediya, zo mana, ɗan albarka." Ba zai zo ba. Karen da ba ya gane "zauna", ba ya gane "bari", yau ya ji ƙarar bokiti ya gane komai, ya shige ƙarƙashin gado ya lafe. Kwanta rubda ciki ka miƙa masa tsokar nama. Zai karɓe ya haɗiye, ya ƙara matsawa ciki. Bayan tsoka ta biyar sai ka kamo ƙafafunsa na baya ka jawo, yana kartar tayil da farce yana kuka kamar za a yanka shi. Masana sun ce wannan kukan alamar amincewa ce.

4. Zuba ruwa, ka karɓi rabonka

Rufe ƙofa, ka kwara masa kofi ɗaya. Zai tsaya cak, ya dube ka da idon wanda aka ci amanarsa, sannan ya girgije jikinsa tun daga kunne har wutsiya. Ruwan da ka zuba zai dawo maka ninki uku, da gashi, da ƙuma. Rufe baki, na manta ban faɗa maka da wuri ba. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Yanzu juye masa rabin kwalbar sabulun. Jikinsa zai yi santsi, ƙasa ta yi santsi, kai ma ka yi santsi. Ka riƙe wuya gindi ya suɓuce, ka riƙe gindi ya taka maka ciki. Idan ka faɗi zaune cikin bokiti, kada ka yi saurin tashi, nan ne kaɗai wurin hutawarka a yau.

5. Amsa sallamar maƙwabci

Gashin wata bakwai ya toshe magudana, ruwa ya kai idon sawu. Daidai nan za ka ji ana dukan ƙofar falo. Tsohon malamin makarantar nan ne da ke zaune a ƙasanku.

"Malam! Lafiya kuwa? Ruwa ke ɗiga daga silin a kan littattafaina!"

Mai hankali zai amsa daga ciki. Kai kuwa mutum ne mai ladabi, don haka buɗe ƙofar banɗaki, ka tsallaka falo tsamo-tsamo, ka buɗe ta waje, ka ce, "Baba, a yi haƙuri, ɗan wanka ne kawai."

"Wanka? Da wando a jikinka?"

Ba sai ka ba shi amsa ba. Amsar za ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa a guje, fara fat da kumfa, bayan ta biya ta kan gadonku da kujerun falo ta goge fuska.

6. Bi shi a guje

Sauka bene ba riga, da takalmi ƙafa ɗaya, kana ihun sunansa. Bari matan da ke shanya a baranda su more kallo. Birgediya ya san inda za shi: bayan garejin bakanike, inda baƙin mai ya haɗu da ruwan kwata. Nan zai kwanta ya yi birgima, hagu da dama, ƙafafu a sama, yana lumshe ido don daɗi. Ƙamshin da ka ɗora masa yake wankewa. Tsaya ka kalli aikin awa uku yana tafiya, kuma in hawaye ya zo maka, ka ce sabulu ne. Sannan ka rungumo shi a ƙirjinka ku koma gida.

7. Ƙarfe huɗu

Madam za ta same ku a bakin get, kai da shi, ba a gane wanda ya fi wani baƙi. Ba za ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Za ta miƙa maka jakarta ta ce, "Riƙe min." Ta naɗe hannun riga, ta tsuguna gaban famfon tsakar gida, ta ce a hankali, "Zo nan." Birgediya zai tafi sumui-sumui ya tsaya. Ta fara daga ƙafafu, tana yi masa magana kamar majinyaci, ta kare masa kunne da tafin hannu. Har ɗaga mata ƙafa zai yi da kansa. Minti goma sha biyar, ya fita fes.

"To... zai zauna ke nan?" ka tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Zai zauna mana. Laifinsa me? Bawan Allah, ashe mai kula ya rasa." Ta shafa kansa, ya lashi hannunta. "Kai kuma kada ka taka min falo a haka."

Ka gani? Kare ya wanku, kuma bai bar gida ba. Alkawarina ya cika.

A kula

Mai wannan jagora ya wanke hannunsa daga duk abin da ya biyo baya. Ba ruwansa da littattafan Baba, da katifar da ta sha ruwa, da kwalbar da Madam ba ta riga ta gani ba, da ƙugunka da zai kwana uku yana tuna maka bokiti. Haka kuma kada ka kawo masa ƙara idan daga yau ka kira "Birgediya", ya ɗaga kai, ya dubi matarka tukuna ya ga ko ta yarda ya amsa.