Eckhard, Likitan Hanjin Tilli

Daga layinmu har bakin kogi ba a taɓa yin masanin cikin kare irin Eckhard Rautenberg ba. Baiwa ce Allah ya yi masa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga hatimi a ofishin ruwa ya yi ritaya ranar Juma'a, ranar Litinin ya wayi gari likitan hanji, bai wahalar da wata jami'a ba. Da safe sai ka gan shi cikin falmaran mai aljihu ko'ina, usur a wuya, takalman roba har gwiwa, kamar wanda za a tura ceton jirgin ruwa. Zagaya unguwa kawai zai yi da karyarsa. Maƙwabta suna kiransa Likitan Hanji, shi kuwa yana amsawa da ɗan rausayar da kai, don a ganinsa an dai fara gane shi.

Karyar sunanta Tilli, doguwa, ruwan toka, mai hankali. Aibinta ɗaya, ciki. Horon kare kuwa ba ya tafiya sai da ɗan abin lasawa: ta zauna a ba ta, ta kwanta a ba ta. Ita Tilli in ta lashi abin da bai karɓe ta ba, kafin yamma ciyawar ƙofar gidan kowa ta shaida.

A bana ƙungiyar masu karnuka ta garin tana neman wanda zai riƙa koyar da sababbin shiga, kuma dokarsu ita ce sai karenka ya ci jarrabawar biyayya. Eckhard ya riga ya sa an ɗinka masa MAI HORARWA a bayan falmaran, da zare ruwan gwal. Abokiyar takararsa ita ce Gundula mai gyaran gashi, da wani guntun karenta mai kama da tsumman goge ƙasa, wanda ko safar hannu ya haɗiye lafiya lau yake kwana.

Likitar dabbobi ta ce masa ya zaɓi abu ɗaya mara maiƙo, ya gutsuttsura shi ƙanana, ya tsaya a kansa har a ga yadda cikin zai yi. Eckhard ya saurare ta da tausayi, irin sauraron da ake yi wa wanda ya yi ƙoƙari. Daga nan ya zarce kantin Birte mai kayan dabbobi, ya saukar da tabarau kan hanci, ya bi ledoji ɗaya bayan ɗaya.

"Kaza? Baiwar Allah, kaza ai abincin gama-garin karnuka ce. Alkama? Tilli ba agwagwa ba ce. Ki fahimce ni, hanji sarauta ne, ba a shiga wurinsa da hayaniya."

Ya fito da busasshen huhun doki, da naman barewa, da kunnen zomo har da gashinsa, da wani biskit da aka yi da garin ƙwari. Ya ba Tilli su gaba ɗaya cikin mako guda, don kada a ce ya nuna bambanci. Da cikin ya ɓaci, ya gudanar da bincike mai zurfi, ya gano cewa laifin ruwan famfo ne. Ruwan ya lalace tun da ya bar ofishin.

Sai ya kafa doka, ya sanar da ita a bakin shinge ga duk mai wucewa: "Abin da bai ratsa harshena ba, ba zai ratsa hanjin Tilli ba." Tun daga ranar yake ɗanɗana komai, ido a lumshe, yana juya loma kamar mai tantance inabi. A ƙarshe zaɓinsa ya faɗa kan busasshen tumbin saniya, wanda ba a wanke ba, mai warin da ke rigan mutum shiga ɗaki.

A filin horo akwai dabarar da ƙwararru ke yi: su dunƙule abin lasawa a kumatu, in kare ya yi daidai su tofa masa, don ya saba tafiya yana kallon fuskar mai shi. Su cuku suke sawa. Eckhard ya cika kumatunsa da tumbi. Matarsa Hannelore ta mayar da kujerarsa can ƙarshen tebur, kusa da taga, ta ce saboda haske.

Matsalar ita ce Likitan Hanji ba ya iya rufe baki. Yana tafiya da Tilli yana gyara wa wannan riƙon igiya, yana yi wa waccan bayanin hanji, kuma duk jimla ɗaya sai loma ta wuce maƙogwaro. In ya daka tsawar "Kwanta!" sai biyu su wuce. Tilli tana biye, idonta ƙyam a kan bakin, tana jiran abin da ba ya zuwa. Da yake kusan ba abin da ke isa gare ta, cikinta ya kwanta sumul. Ciyawar layi ta huta. Eckhard ya tara jama'a a ɗakin shan kofi na ƙungiya, ya ce zai sa wa dabarar sunansa.

Ranar jarrabawa an yi yayyafi da safe, fili ya cika. A wajen shinge Eckhard ya ɗan motsa wa Tilli jini, aljihu fal da tumbi. Sai ga alƙaliya, Frau Dierks, wata gajeriya mai fuskar da ba ta san wasa ba, tana bi tana tunatarwa cewa duk wanda ya shiga fili da abinci a jikinsa ya faɗi. Kwandon shara yana gaban Gundula, kuma babban mutum ba ya zubar da sirrinsa a gaban abokiyar takara. Ya juya baya, ya kwashe aljihun a baki, ya kora da kofi mai madara, ya danne da yankan kek mai kirim.

Gaskiya ɗaya ce, Tilli ta burge. Ta bi ƙafarsa kamar an ɗinke su, ido a fuska. Ta zauna, ta kwanta, ta zo da aka kira. Eckhard yana taku kamar ana yi masa taken ƙasa.

Saura abu na ƙarshe: ka kwantar da kare, ka yi nisa, ka juya masa baya, ka tsaya ƙiƙam har wani kare ya gama nasa zagayen. Ba motsi, ba waiwaye, ba barin fili. Karen da ke zagayen kuwa na Gundula ne, wanda ba ya sauri ko don wa.

Eckhard ya tsaya, ƙirji a gaba, zaren gwal yana ƙyalli. Sai wani ƙugi ya taso, har wani tsoho ya ɗaga kai ya duba sama. Gumi ya keto wa Likita. Ya matse gwiwoyi. Ya ɗaga dunduniya ɗaya, ya sauke. Ya tuna muƙami, ya tuna hatimi, ya tuna ranar aurensa. Guntun karen Gundula ya tsaya shinshina ciyawa.

Ba wanda ya taɓa sanin takalman roba suna gudu haka.

Frau Dierks ta bi shi da kallo har ƙofar bayan gida ta rufe, sannan ta ce mai kare ya bar fili, ya faɗi. Muƙami ya zama na Gundula. Aka tafa mata.

Amma Tilli tana nan kwance inda aka ajiye ta. Hannelore ta kira ta, ko kunne ba ta kaɗa ba. Aka ja igiya, ta ƙi. Horo ya kama ta sosai, ba ta tashi sai da muryar mai ita, ga kuma masu jarrabawa na gaba suna jiran fili.

Hannelore ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar. "Maigida, karyarka ta tare wa mutane hanya."

Can sai ƙaramar tagar bayan gidan ta buɗe kaɗan, wata siririyar murya ta fito, gaban ƙungiya kaf:

"Tilli, tashi."

Ta tashi tsaf, ta ruga, ta zauna a ƙarƙashin tagar, ido a sama, tana jiran a tofa mata ladanta.