Mabuɗin Uban Fara

Allah ya raba ilimi, amma da ya zo kan Farfesa sai ya juye kwanon gaba ɗaya. Ɗalibai na ce masa Uban Fara, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce. Rabin rayuwarsa ya ƙare a kan wani ƙanƙanin sinadari da ke jinin fara. In tafiya ta yi nisa, sinadarin kan shiga gurbinsa a jikin ƙwayar halitta, kamar mabuɗi a kwaɗo, sai kitsen ajiya ya narke, fara ta sami ƙarfin tashi. Nasa kitsen dai har yau ba a gano mabuɗinsa ba.

Sai aka ce masu ba da tallafi za su zo su yanke ko ɗakin bincikensa ya ci gaba ko a rufe. Farfesa ya sa aka sassaƙa siffar sinadarin da ta gurbin da katako, kowace ta kai tulu. Da aka kawo ya zura, ta zauna daram, lanƙwasa ta bi lanƙwasa.

Amma katako tsirara, a aikin Uban Fara? Ya sa aka shafa wa siffar sinadarin fenti ruwan zinariya. Bai yi masa ƙyalli ba, aka ƙara. Aka kuma ƙarawa. Aka manna tagulla mai sunansa da jerin digirorinsa daidai kan lanƙwasar. A zamaninmu malamin kimiyya kan sake gwada abu kafin ya tara jama'a, amma wannan tsohon yayi ne.

Ranar ta zo. Ya gyara tabarau, ya tura tumbi gaba.

"Manyan baƙi, abin da ya gagari duniya, ni na warware shi. Ko kaurin gashi siffar nan ta sauya, ba za ta shiga ba. Ku duba!"

Ya zura. Ta ƙi. Ya juya, ya murɗa, gumi ya jiƙa kwala. Girman kai rawanin tsiya: ya danna da gwiwa. Gurbin ya dare biyu, ƙas!

Shugabar baƙin ta tsinci tagullar daga ƙasa, ta karanta, ta miƙa masa da ladabi.

"Gaskiyarka, Farfesa. Ka tabbatar mana. Sunanka ne ya yi yawa."

Aka rufe ɗakin, aka saki farin gwajin da ke keji. Suka tashi fir, nasu mabuɗin ya shiga lafiya lau, da yake ba wanda ya rubuta suna a kai.