Makullin Motar Kaka da Haƙƙin Ɗan Adam

"…ya ƙarfin jiki, Kaka? An tashi lafiya?"

Tsohon direba ya zaro kansa daga ƙarƙashin bonet, ya goge hannu da tsumma, ya dubi jikarsa sama da ƙasa. Har ƙasa ta durƙusa, ga leda a hannu. Nan take ransa ya ba shi akwai magana. Tun da yarinyar nan ta iya buɗe baki ba ta taɓa gaishe shi ba sai ta haɗa da tsiya. Tsohon miji take ce masa, ko direban gwangwani. Shi kuma da ta shiga karatun shari'a sai ya raɗa mata Lauya. Yau ga ta da ladabi kamar mai neman aiki.

"Wa ya mutu?" in ji shi.

"Babu wanda ya mutu."

"To wa ya aiko ki?"

"Kai ka aike ni mana. Ba kai ka ce in sayo maka madubin gefe ba?"

Ya karɓi ledar ya leƙa. Madubin na ciki, amma har da ayaba.

"Madubi na ce. Ayabar ta mece ce? Ke da ko ɓawon gyaɗa ba ki taɓa ba ni ba."

"Mace ba za ta yi wa mijinta tsaraba ba?"

"Matar da ta ƙi ni tun tana goye? In da guba a ciki ki faɗa, gado dai babu, sai tsofaffin tayoyi."

Ta yi murmushi kawai, ba ta rama ba. Wannan ya fi komai tayar masa da hankali. Ya lura idonta yana ta zuwa kan aljihun rigarsa, inda makulli ya yi tudu. Sai ya fara haɗa lissafi. Jiya uwarta ta kira tana tambayar lafiyar idonsa. Da safen nan kawunta ya kira yana tambayar lafiyar mota, mutumin da bai san inda ake zuba wa mota ruwa ba. Ya dafe aljihun da tafin hannu.

"Makulli aka turo ki karɓa. Sun san su ba za su iya haɗa ido da ni ba, shi ne suka turo marar kunyar gidan."

"Ni aron motar zan yi."

"Aron da babu mayarwa. To ki koma ki gaya musu, motata ce, ƙafata ce, titin gwamnati ne. Wanda ya taɓa makullin nan ya tauye mini haƙƙin ɗan Adam."

Nan ladabi ya ƙare. Lauya ta tuntsire da dariya har da riƙe ƙofar mota.

"Maimaita in ji, tsohon miji. Ba kai ka ce haƙƙin ɗan Adam karatun marasa sallah ba ne? Ba kai ka ce an biya mini makaranta don in koyo gardama da rashin kunya ba?"

"Na ce naku na littafi. Nawa na asali ne, daga wurin Allah. Ku kwafa kuka yi kuka canza masa riga."

"Mu muka kwafa?"

"Ƙwarai. Kafin a haifi kakan kakan wanda ya rubuta littafinku, addini ya riga ya ce kada a ci dukiyar maraya, kada a danne ladan ma'aikaci, kada a zubar da jinin wanda bai ji ba bai gani ba. Har dabba an ce kada a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta."

"Shi ya sa kake ɗora wa wannan gwangwanin buhunan siminti?"

"Mota ba ta da rai."

"Wannan tana da shi, kullum da safe ina jin tarinta." Ta zauna a kan wata tsohuwar taya, ta gyara gyale. "To amma gaya mini, masu carbi a hannu ba su sayi mutane sun sayar ba? Ba a ƙona mutum don ya yi tambayar da malaman addininsu ba sa so ba? Sai da masu tunani suka tashi suka ce, mu bar maganar wace alƙibla kake kallo, in dai mutum ne kai, ba mai dukanka, ba mai rufe maka baki. Mai addini da marar addini, mace da namiji, duk awo ɗaya."

"Su masu tunanin naki daga bishiya suka faɗo? Ba uwa ce ta haife su ta ja hannunsu zuwa wurin ibada ba? A can suka fara jin cewa Mahalicci ɗaya ya yi sarki da bawa. Da suka girma suka cire sunan Mahaliccin suka sa nasu."

"Wasunsu korar su aka yi daga wurin ibadar."

"Wasunsu kuma suna rubuta 'yanci da hannun dama, na hagu yana riƙe da sarƙar bayi. Kin ɗauka ba na jin rediyo?"

"Kana ji, kana gyangyaɗi."

"Ko a gyangyaɗe na fi malamanki. Ke yanzu tsaya." Ya matso, ya ƙanƙance ido. "Anya kina sallah kuwa? Wannan bakin naki ya fara kama da na waɗanda ake yi wa addu'ar shiriya."

"Na riga ka tashi da asuba. Kai da sai liman ya kai raka'ar ƙarshe kake shiga da takalmi a hannu."

"Gwiwa ce."

"Gwiwar ba ta ciwo in za a taka totur."

Ya ji ta sake karkato da zancen wajen mota, ya ƙara danne aljihu. A ransa ya ce duk wannan gardamar shimfiɗa ce, tarkon yana gaba.

"Kaka, me ya fasa madubin?"

"Ƙofar gida. Kawunki ya sa aka matse ta."

"Ƙofar tana nan yadda take tun ina rarrafe."

"To akuya ce."

"Akuya mai tsawon madubi?"

Ya shiga jujjuya sabon madubin a hannu. Ya san abin da ya fasa shi. Ranar da yamma ne, ya shawo kwanar layinsu, rana ta haske masa ido, sai ya ji ƙaras. Sandar lemar matar nan mai sayar da kayan marmari a bakin kwana ya goga. Ya ɗaga mata hannu, ita ma ta ɗaga masa, ya wuce. A wurinsa magana ta ƙare a nan.

"A wurinta na sayi ayabar," in ji Lauya. Yanzu babu dariya a muryarta. "Ba ƙararka ta kawo ba. Ni na ga lemar a ɗaure da igiya na tambaya. Ka san 'yarta ƙarama a ƙarƙashin teburin take kwanciya saboda inuwa? Ranar tana ciki tana barci. Ta nuna mini inda tayarka ta bi. Tsakaninta da ƙafar yarinyar bai kai tsawon tafin hannuna ba."

Tsohon ya nemi ya tuno teburin, ya tuno lemar, ya tuno lemo a jere. Yarinya kam bai gan ta ba, ko alamarta. Ya shafe ƙuruciyarsa da tsufansa yana jan manyan motocin fasinja, kuma abin da yake tinƙaho da shi a kowane zama shi ne ko kaza bai taɓa takawa ba.

"Ƙarya kuka shirya ke da uwarki," ya ce, amma muryar ba ta fita da ƙarfi ba.

"Mu je ka tambaye ta. Ta ce kunyarka take ji, shi ya sa ta yi shiru. Mama ma ba ta san da wannan ba, ita ido kawai take zargi. Ni kaɗai na sani."

Ya jingina da motar. Can ya ce, "Lafiyarta ƙalau? Yarinyar?"

"Ƙalau. Ko farkawa ba ta yi ba." Ta dube shi. "To malam mai asali, ita nata haƙƙin daga ina ya fito? Daga wurinka ko daga wurinmu?"

"Rai na Allah ne. Wanda ya taɓa shi zai yi bayani."

"Mu kuma a namu, sai likita ya duba idon mutum kafin a bar shi da sitiyari."

"Wato ta ko'ina kin tare ni. In na bi masallaci kina ƙofa, in na bi kotu kina ƙofa."

"Ni ban tare ka ba. Likita kawai za mu je. In ya ce da gyara, a gyara, in dawo maka da makullinka da hannuna."

"In ya ce babu fa?"

"Sai ka samu direba. Kyakkyawa, mai digiri."

"Mai digirin tsiya." Ya rufe bonet a hankali. Ya daɗe da hannu a cikin aljihu kafin ya zaro makullin, ya jefa mata a cinya. "Ungo. Sadakinki ke nan, kada ki ƙara tambayata komai. Kuma ki sani ban yarda ba, addini ne ya fara."

"A rubuta cewa wanda ake ƙara ya miƙa wuya yana ƙunƙuni."

"A rubuta cewa za mu tsaya a kwana in ba baiwar Allah haƙuri. Bayan nan sai likitan naku, shi ma ban yarda da shi ba, wataƙila ɗan ajinku ne."

Ya zagaya ya buɗe ƙofar gefen fasinja, kujerar da bai taɓa zama a kanta ba tun da ya sayi motar. Ta yi masa wani iri, kamar ya sa takalmin wani. Lauya ta tayar da mota, ta fita da ita daga gida sumul, ko ƙofar ba ta shafa ba. Ya so ya sami abin kushewa, bai samu ba.

Suna dosar kwana ta dubi ƙasa wajen ƙafarsa.

"Kaka, me kake takawa? Babu birki a nan gefen."

Ya duba. Ƙafarsa ta dama ta danne daɓen motar iya ƙarfinta. Dariya ta kuɓuce masa, ya yi ta yi har sai da ya share ido da bakin hannun riga.

"Ja mu je, matar banza. Ke ki taka naki, ni in taka nawa."