Yadda Ake Zuwa Shan Iska Riruwai Ana Tsakiyar Ban-Ruwan Tumatir

Kai manomin rani da ka gaji da tsugunno bakin kanal, matso kusa. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka hau dutse, ka sha tarihi, ka dawo gari ya yi wata yana zancenka. Maharazu na Bunkure ya bi su a ranin 1986, har yau ba a daina ba.

1. Zaɓi lokaci

Kada ka tafi da damina, lokacin da Allah ke ban-ruwa kyauta. Jira sai tumatirinka ya fara fure, kuma ana sako muku ruwa ranar Laraba kaɗai. Maharazu Litinin ya tashi, don ya ji ma'aikatan ban-ruwa na Kadawa suna cewa mai wayewa yakan je hutu. Matarsa Kubra ta bi shi har zaure.

"Malam, Laraba fa ruwa. Abincinmu na shekara ke cikin gonar nan."

"Talata zan dawo," in ji shi. Kai ma haka za ka ce.

2. Bar amana

Nemi wanda gonarsa ke ƙarshen layi, wanda kullum sai kun ƙoshi ragowar ruwa ke isa gare shi. Shi za ka ce wa ya kula maka in ka makara. Maharazu Jaji ya zaɓa. Jaji ya dafa ƙirji ya ce, "Je ka abinka, kamar kana nan." Ban taɓa ganin mutum ya karɓi wahala da fara'a irin ta ranar ba.

3. Hau dutsen

Sa babbar riga da takalmi sau-ciki, ka rataya rediyo. Mutanen dutse su san daga inda ka fito. Maharazu, wanda tudun da ya fi hawa a duniya shi ne gaɓar kanal, ya yi rabin hanya da ƙafa, sauran da rarrafe. In numfashi ya ƙare maka, tsaya ka riƙe ƙugu ka ce kallon gari kake.

4. Saurari tarihi

Za a haɗa ka da dattijo. Na Maharazu sunansa Baba Tambaya. Ya nuna masa ramukan da aka haƙi kuza, ya nuna masa kogon da ya ce kakanninsu sun ɓuya ciki lokacin yaƙi. Maharazu na ta "Allah Sarki", amma kunnensa na wani wuri. Ƙarar ruwa yake ji. Suna shan kwana sai ga shi yana zubowa daga saman dutse, yana gangarewa daji abinsa.

"Baba, yau ranar wa ce?"

"Ranar me, ɗana?"

"Ranar ruwa. Wa ke buɗewa, wa ke rufewa?"

"Tun da aka haife ni ban ga an rufe shi ba."

Maharazu ya ji kamar ya yi kuka. Shi da suka taɓa kai ruwa rana da ɗan'uwansa a kan ruwan sa'a guda, ga kogi na tafiya ba mai ko kallonsa, ga kuma 'yar gonar Baba a gefe ta bushe ƙamas.

5. Huta

Hutun manomi shi ne ya yi aiki a gonar wani. Tuɓe rigar, ari fartanya. Maharazu ya ja lambatu daga bakin ruwan zuwa gonar Baba, ya yanka fangali-fangali, ya koya wa dattijon yadda ake toshe wannan a buɗe wancan. Bai taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba. Yana tsaye cikin taɓo yana sha'awar aikinsa ya tambayi ko yau Talata ce. Baba ya ce Alhamis.

6. Dawo

Kada ka biya gida, wuce gona kai tsaye. Ta Jaji koriya shar. Ta Maharazu ƙasa ta tsage, furen duk ya zube.

"Wallahi na yi niyya," in ji Jaji. "Na ce bari in fara da tawa tunda ita ce nesa. Kafin in juyo an rufe."

Maharazu ya tsuguna ya tsinci furen cikin tafin hannunsa. A gida Kubra ba ta ce uffan ba, ta dai ajiye masa ruwan wanka. Da lokacin tsinkar tumatir ya yi, Jaji ya aiko musu da kwando guda, wai a sa a miya.

A kula

Mai wannan rubutu ba ruwansa da ciwon gwiwa, zubewar fure ko shirun matar gida. Wanda ya bi shawarata ya ga ba daidai ba, ya kuka da kansa, ni ban san shi ba. Amma in ka ƙudura sai ka tafi, biyo ta wajena ka bar mini amanar. Gonata ce ta ƙarshe a layinku.